YINI GUDA A BIRNIN JOS: DAGA KAN DUTSE ZUWA AKUSHIN GWATE

Wani abin mamaki game da ma'aikacinmu shi ne, duk shekara yana ɗokin ranar da za a ba shi hutu, amma in hutun ya zo bai san abin da zai yi da shi ba. Kwana ukun farko ya yi ta barci har kansa ya yi ciwo. Sauran kwanakin kuwa ya ƙarar da su wajen kai da kawowa, yau gaisuwar mutuwa, gobe ɗaurin aure, jibi bin bashi, gata rikicin iyakar gona a ƙauye. Ran da zai koma ofis ya fi ran da ya baro shi gajiya. Ba wanda ya ce zumunci ba shi da kyau. Amma cikin kwanakin nan duka, ashe mutum ba zai iya ware ɗaya tak ba, ya ba idonsa da cikinsa nasu haƙƙin?

In mai karatu ya yarda da wannan magana, to ga shawara. Ya shirya ya tafi Jos, babban birnin Jihar Filato, ya kwana, ya wayi gari ba da niyyar ganin kowa ba, ba kuma da niyyar sayen komai ba sai abin da ya ci karo da shi. Dalilin da ya sa muka zaɓi Jos shi ne, da wuya a sami wani gari a ƙasar nan inda dutse da daji, da aikin hannun mutanen da, da abinci mai rai suka taru kusa da juna kamar yadda suka taru a can, har mutum ya iya ɗanɗana kowanne tsakanin fitowar rana da faɗuwarta ba tare da ya yi gaggawa ba.

SANYIN SAFIYA

Abin da zai fara gaishe ka shi ne sanyi. Garin yana bisa tudu ne, kimanin mita 1,200 sama da bakin teku, watau wajen ƙafa 4,000 a lissafin da. Wanda ya biyo hanyar Akwanga ya san wannan tun daga Hawan Kibo, inda manyan motoci ke nishi suna jan ciki, iska kuwa ta sauya farat ɗaya kamar an buɗe wata ƙofa. A watan Disamba da Janairu, in hunturu ya kankama, Bakano ko Basakkwace da ya zo da 'yar shara kaɗai zai gane kurensa tun kafin asuba. Saboda haka a taho da rigar sanyi, a kuma fara da teburin mai shayi. Shayin Jos bai fi na ko'ina ba, sanyin ne ke ƙara masa daɗi.

Da an karya kumallo sai a nufi gandun namun daji da ke gefen gari ta hanyar Miango. An kafa shi a 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk na tsohuwar Jihar Binuwai da Filato, faɗinsa kuwa ya kai murabba'in kilomita 8. Mutane da yawa suna zuwa ne don su leƙa keji, su ga dabba, su juya. A ganinmu wannan asarar kuɗin mota ce. Dabbar da ke cikin keji ana ganinta a Kano, ana ganinta a Maiduguri. Abin da ba a samu a can shi ne wurin kansa, watau duwatsu masu sulɓi da aka ɗora wani bisa wani kamar da gangan, da dogayen itatuwa masu inuwa, da shirun da ba abin da ke katse shi sai kukan tsuntsu. A sami dutse mai sauƙin hawa a hau, a zauna. Can gabas za a hango duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, ita ce mafi tsawo a duk tudun Filato. Nan da can kuma a ƙauyukan gefe za a ga shingen ƙerana, wanda mutanen ƙasar, Birom da Anaguta da Afizere, suka daɗe suna kewaye gidajensu da gonakinsu da shi.

Af, kada mu manta. A watan Disamba na 2015 wani zaki ya kuɓuce daga wannan gandu, garin ya ɗauki ɗumi na 'yan sa'o'i kafin a harbe shi. Har yau in baƙo ya ce zai je can, ba a rasa mai tsokanarsa da wannan labari.

Daga bisa dutsen, ko kuwa a kan hanyar dawowa, idon mutum ba zai rasa faɗawa kan wasu tafkuna ba, ruwansu kore shar ko shuɗi, kusa da su kuma ga tarin jar ƙasa kamar ƙananan tsaunuka. Baƙo yakan ɗauka halitta ce. Alhali kuwa ramukan kuza ne, hannun ɗan Adam ne ya haƙa su. Ya kamata mu ɗan dakata a nan, domin duk abin da za a gani a sauran yinin nan, in aka bi saiwarsa, a ramin kuza za a tarar da ita.

Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Liruwe suna narka kuza, suna fitar da ƙarfenta sirara kamar tsinke, fatake suna kai shi kasuwanni. Sawun wannan ƙarfe ne mutanen Kamfanin Neja suka biyo a farkon ƙarni na 20 har suka iso tudun nan. Kafin a jima kamfanoni sun cika wurin, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga ƙasar Hausa da Barno, daga ƙasar Yarabawa da ta Ibo, har da ƙasashen maƙwabta. A 1914 aka kawo 'yar siririyar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya don kwasar kuza, a 1927 kuma babbar hanya ta iso daga Kafanchan. Sa'ad da Japan ta ƙwace Malaya a Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta rasa kuzar da ake haƙowa a can, sai gwamnatin mulkin mallaka ta shiga ɗibar mutane ƙarfi da yaji daga lardunan Arewa tsakanin 1942 da 1944. Da yawa daga cikinsu sanyin nan da muke yabo shi ya kashe su, tare da yunwa da cuta. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, kamfanoni suka watse, suka bar ramuka ruwa ya cika su. Suna da kyaun gani, amma suna da zurfi, gaɓarsu kuma tana zaftarewa. Kowane ɗan Jos zai gaya maka kada ka bar yaro ya matsa kusa, kai ma kada ka ce za ka gwada iyo.

KAN DA AKA KAFA A GONAR DOYA

Kafin rana ta take tsaka sai a gangaro cikin gari zuwa gidan kayan tarihi. An buɗe shi a 1952, wanda ya tsaya a kan kafa shi kuwa wani Bature ne, Bernard Fagg, wanda ya zo Jos a matsayin jami'in mulki amma zuciyarsa tana wajen binciken kayan da. Labarin yadda abin ya faro ya isa a maimaita shi. Tun a 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu, aka ajiye shi ba wanda ya san darajarsa. A 1943 aka sake tono wani kan a wajen Jama'a. Wanda ya same shi ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa a kan sanda don korar ɓarna, ya yi shekara guda yana wannan aiki kafin labari ya kai kunnen Fagg. Da ya gwama shi da na farko sai ya ga hannu ɗaya ne, ko kuwa a ce makaranta ɗaya. Daga nan ya bi ma'aikatan kuza yana roƙonsu duk wanda ya ga irin wannan abu kada ya fasa, ya kawo. Haka aka gano abin da duniya ta sani yau da sunan al'adar Nok.

In ka tsaya gaban ɗaya daga cikin kawunan nan, kada ka yi saurin wucewa. Dubi idon. Kusan kullum mai kusurwa uku ne, an huda ƙwayarsa. An huda hanci, an huda kunne, sau da yawa har da baki. Cikinsa kuwa rami ne, domin an gina shi ne kamar yadda mace ke gina tukunya, ana naɗa yumɓu ana ɗorawa. Hudojin nan suna ba fuskar rai, kuma ta nan iska mai zafi ke fita lokacin gashi don kada abin ya fashe. Sa'an nan dubi kitso, dubi duwatsun wuya da na hannu. Mutanen da suka sami sukunin zama su yi irin wannan ado, su kuma sami gwanin da zai kwaikwaye shi da yumɓu, ba mutanen da ke fama da abin da za su ci kaɗai ba ne. Masana daga jami'ar Frankfurt ta Jamus, waɗanda suka fara haƙa tare da 'yan Nijeriya a 2005, sun nuna cewa mafarin wannan al'umma ya kai shekara 3,500 baya, suna noman gero, daga bisani kuma suka iya narka tama. Abin baƙin ciki, a shekarun 1990 masu haƙar sata sun yi wa wuraren ɗibar karan mahaukaciya, kayan suka ƙare a ɗakunan attajiran Turai.

Mun san akwai mai karatun da zai ce shi ba ya shiga inda aka jera gumaka. Ba za mu yi masa gardama ba, sai dai mu ce ba wanda ke bauta wa komai a wurin, shaida ce kawai aka ajiye ta cewa ƙasar nan ba jiya ta fara wayewa ba. In duk da haka ransa bai kwanta ba, to gidan yana da tarin littattafan Larabci da na ajami rubutun hannu, waɗanda aka tattaro daga malaman Arewa. Yana kuma da zauren tukwane, wanda a ganinmu shi ne wurin da ya fi daɗin tsayawa a duk gidan. Wata Baturiya, Sylvia Leith-Ross, wadda ta fara taka ƙasar nan a 1907 a Zungeru, ita ta dawo da tsufanta ta bi ƙauyuka tana tara su. Ga tulu, ga randa, ga kaskon turare, ga tukunyar da ta fi yaro tsawo, kowace ƙabila da irin wuyan da take yi wa tata da irin zanen da take ja mata. Wanda ya girma yana shan ruwan randa, in ya shiga nan sai ya tuna da kakarsa. Ɗan zamanin roba kuwa sai ya yi ta tambaya.

A waje kuma akwai tsohon kan jirgin ƙasa na 'yar hanyar nan ta Zariya, wadda aka rufe a 1957. Ƙanƙantarsa za ta ba ka dariya.

AKUSHIN RANA

Yanzu ciki ya fara kira. Kada a ce za a nemi shinkafa da miya, wannan akwai ta a gida. A tambayi inda ake sayar da gwate. Abinci ne na mutanen tudun nan, ana yin sa da acca ko da tsakin masara, a zuba alayyafo da yakuwa da gauta, a sa ƙashi mai taushi ya dahu har ya saki. Yana da ɗan tsami, yana da ɗan ɗaci, ana shan sa da zafinsa. Acca kuwa, wadda ƙwayarta ba ta fi yashi girma ba, ita ce hatsin da ya yarda da ƙasar dutse marar ƙarfi inda dawa ke ƙin yi. Wahalarta tana wajen sussuka da wankin tsakuwa, shi ya sa take tsada, shi ya sa kuma macen da ta iya gyara ta ba a raina ta.

Ka ce wa mai abincin, "Sannu da aiki, Mama, a zuba mini na acca." Za ta amsa maka da Hausa garau, ko da kuwa Birom ce ko Angas, ta ce, "Sannu ɗana, a sa yaji?" Domin a Jos Hausa ita ce harshen kasuwa da na mota, da ita ake wa'azi a masallaci, da ita ake waƙa a coci da yawa. In lokacinsa ne, a nemi atile, ɗan itacen nan mai kama da zaitun da ake jiƙawa a ruwan ɗumi ya yi laushi. In ruwan ya cika zafi sai ya ƙanƙare ya ƙi ci, wannan ma wani ilmi ne da baƙo kan saya da kuɗinsa.

MASALLACIN ZARIYA A TSAKIYAR JOS

Bayan an yi azahar an huta, sai a koma harabar gidan tarihin, a wuce can ciki inda aka keɓe fili don gine-ginen gargajiya. Nan ne Bahaushe zai ga abin da bai zata ba. Wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya shafe shekaru yana yawo a Nijeriya da ma'auni da takarda, yana auna gidajen sarakuna da masallatai da bukkoki, yana zana su dalla-dalla. A shekarun 1970 aka ba shi dama ya sake gina waɗansunsu a wuri ɗaya, da girmansu na ainihi, da irin kayan da aka gina su tun asali, da hannun magina na gargajiya. Sai ga wani yanki na ganuwar Kano a Jos, ga ginin fadar Katsina, ga kuma masallacin Juma'a na Zariya.

Wannan masallaci shi ya fi cancantar a ba shi lokaci. Na asalin an gina shi ne a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, maginin kuwa shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Ba ƙarfe, ba siminti. Tubali ne da azara da ƙasa. Matsalar da kowane magini na ƙasar Hausa ke fuskanta ita ce, azara ba ta da tsawon da za ta haye ɗaki mai faɗi, in an matsa mata ta karye. Dabarar da suka yi ita ce bakan gizo, watau a dasa azara cikin bango, a ɗaura wata a kanta ta ɗan leƙo gaba, a ɗaura wata kuma, daga wannan gefe da wancan, har su haɗu a sama, sa'an nan a lulluɓe su da ƙasa. Babban Gwani ya kai wannan dabara inda ba wanda ya kai ta. In ka tsaya tsakanin ginshiƙan ka ɗaga kai, za ka ga bakunan suna tashi suna rabuwa suna sake gamuwa kamar rassan kuka, zanen da aka yi wa ginshiƙan kuwa da yatsa aka ja shi tun ƙasar tana ɗanya. Har akwai labarin baka da ke cewa wani sarki ya sa aka kashe maginin bayan ya gama masa aiki, wai don kada ya je ya yi wa wani wanda ya fi nasa.

Me ya sa kwafin yake da muhimmanci? A shekarun 1970 an kewaye na Zariya da sabon gini na zamani, kamanninsa na waje suka ɓace. Ran 11 ga Agusta 2023 kuma wani sashe nasa ya rufta ana cikin sallar la'asar, aka yi hasarar rayuka. Saboda haka awon da Dmochowski ya yi, da ginin da ya tayar a Jos, suna cikin 'yan shaidun da suka rage na yadda aikin Babban Gwani yake tun farko. Ga shi kuwa ginin ƙasa ba ya yafe sakaci. A Kano da Zariya ma sai an bi shi da yaɓe da makuba, an gyara indararo kafin kowace damina, balle a Jos inda ruwa ya fi yawa, yakan fara tun Afrilu ya kai Oktoba, wani lokaci har da ƙanƙara. Damina biyu ko uku in aka yi ba a taɓa shi ba, zanko ya zube, rufi ya tsage. Maginan da suka san ɗaurin azara kuwa kullum raguwa suke yi, 'ya'yansu sun koma bulo. Hukuma ba ta cika kashe kuɗi a wurin da ba ta ga jama'a suna zuwa ba. Wanda ya sayi tikiti ya shiga, ya sa hannu a littafin baƙi, ya kawo 'ya'yansa, ya ɗan taimaka ko bai sani ba.

MAGANAR DA BA A SO A FAƊA

Ba zai yiwu a yi wa mai karatu tallar Jos a ɓoye masa abin da ya riga ya sani ba. Rikicin Satumba na 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010 sun ci rayuka masu yawa, sun kuma raba garin, unguwa kaza ta waɗannan, unguwa kaza ta waɗancan. Babbar kasuwar Taminus, wadda a da ake zuwa kallonta daga nesa, ta ƙone a Fabrairu 2002, aka shafe fiye da shekara 20 'yan kasuwa suna baje kaya a bakin titi. Mutane da yawa da suka saba zuwa hutu sun ɗauke ƙafa tun daga lokacin. Hankali ya ce baƙo ya tambayi mai masaukinsa halin da ake ciki kafin ya taso, ya bi shawararsa kan inda zai shiga, kada kuma ya yi tafiyar dare a hanyoyin ƙauye. Amma wanda ya ɗauka cewa mutanen garin kullum a cikin faɗa suke, ya je kasuwar Farin Gada da yamma ya gani.

Can ne ake sauke kayan lambu. Kabeji kamar kan mutum, karas, latas, koren wake, tumatir, da dankalin Turawa buhu bisa buhu daga Bokkos da Mangu. A lokacin sanyi har da sitiroberi, jajaye a 'yan kwanduna, abin da yawancin 'yan Nijeriya suke zaton sai a Turai. Manomi Birom ne, dillali Bahaushe, mai mota Ibo, mai saye ta taso daga Fatakwal, ana ta ciniki ana zolayar juna. Ka tambayi manomin rani inda yake samun ruwa alhali an yi wata huɗu ba a ga hadari ba. Sau da yawa zai nuna maka ɗaya daga cikin tafkunan nan da ka hango da safe, inda ya kafa injinsa a bakin ramin da wataƙila kakansa ya haƙa da kwando a ka.

Da magariba ta yi sanyi zai dawo, hayaƙin masu tsire ya tashi a kowace kusurwa. A sami benci kusa da wuta, a sa a yanka na ɗari kaza, a haɗa da masa mai zafi, a kora da kunun gyaɗa. In an yi sa'a wani mai shago zai saki faifan marigayi Ɗan Maraya, wanda aka haifa a Bukuru ya kuma rasu a 2015, mutumin da ya ɗauki kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa talakan garin nan waƙa har duniya ta san sunan Jos. Kada a daɗe. A koma masauki da wuri, a ja bargo, a kuma tuna a gaya wa direba ya bar wuri a bayan mota, don buhun dankalin da aka saya ba zai shiga cikin jaka ba.